Kabewa Mai Jan Zare

"Ajiye ta nan in gani," in ji Yuk-Lan.

Na ɗora kabewar a gefen gadonta. Ita ce mafi girma a rumfar bayan gidanta, tsawonta ya kai damtsena. Ta shafa ta har zuwa inda na yanke, sai yatsunta suka tsaya.

"Tsoho Kwok, ina jan zaren da ke wuyanta?"

"Na tsinke shi. Ya tare wa wuƙa hanya."

Ta rufe ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Ni ɗan fito ne. Shekara arba'in da ɗaya ina ƙetarar da mutane kogi, na san ruwa na san kifi, shuka kuwa ban santa ba. Yuk-Lan matar Mak ce, abokin aikina da ya rasu, shi ya sa nake ce mata Matar Yaya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da matata ta mutu, duk damina kwanon miyar kabewa mai gashi yana jira na a kan katangar nan da yamma. Ban taɓa cewa na gode ba. Ina dai mayar da kwanon da kifi a ciki.

A watan bakwai asibiti suka sallamo ta, suka ce ciwon ya ci hanta. 'Yarta Wai-Fong tana aiki a birni, sai Asabar take zuwa. Kwana uku Yuk-Lan ba ta sa komai a baki ba, ran na huɗu ta ce miyar kabewa take marmari. Na ɗauki wuƙa na nufi rumfa.

"Wannan ta iri ce," ta ce. "Ɗaya nake bari kowace shekara. Uwata ta ƙulla mini irin nan a ƙyalle ranar da aka kawo ni garin nan. Shekara hamsin da biyu bai yanke ba."

"Na bara fa?"

"Na shuka duka. Ruwan farko ya tafi da rabi."

Na tsaga kabewar a gabanta. 'Ya'yan farare ne, shafal, na matsa ɗaya ya fashe da ruwa.

"Ba ki faɗa mini ba," na ce.

"Ba ka tambaya ba. Je ka dafa, an riga an yanka."

Ta sa na buɗe ƙofar madafa don ta riƙa ganina.

"Ta miya ƙarama ce, kai. Kaurin tsintsiyar hannu, mai nauyi, gashinta yana sukar yatsa. Waccan da bakin cokali ake kankare ta. Wannan kam sai ka fere. Ba haka ba! Kai da kake feɗe kifi, ka kasa fere kabewa?"

Na jiƙa busasshen jatan lande, na soya shi da citta, na zuba kabewar da ruwan jiƙon, na sa taliyar wake daga ƙarshe. Rabin da ya rage na kai bakin randa zan wanke.

"Kada ruwa ya taɓa ta! Naɗe ta a takarda ka sa a gindin randa. Kwana uku, ba ta wucewa."

Cokali uku ta sha.

"Ta wuce miya, ba ta kai iri ba," ta ce. "Kamar kai."

Ban yi dariya ba. Na koma rumfa na tsaya. Ganye ya fara rawaya, kaka ta matso. Ta cikin taga Yuk-Lan ta ce in nemi fure mai 'yar kabewa a bayansa, wannan ce mace. In na samu, in tsinko namiji in goga mata kafin rana ta ɗaga.

Safiya biyu ban samu ba. Ta uku na gan ta can ƙurya, bayan randar taki. Na yi yadda ta ce. Bayan kwana huɗu furen ya faɗi, 'yar kabewar ba ta faɗi ba. Na tsinto jan zaren daga inda na yar da shi, na ɗaura mata.

Wai-Fong ta same ni a tsugune a wurin ran Asabar.

"Kawu Kwok, ana fa sayar da iri a kasuwa, cikin takarda mai hoto."

"Ba wannan ba."

"Kabewa ai kabewa ce."

"Je ki faɗa wa uwarki haka."

Ba ta je ba.

Kullum da safe, kafin in zauna, tambayar Yuk-Lan ɗaya ce.

"Ta kai yaya?"

"Babban yatsa."

Bayan mako: "Tsintsiyar hannu."

"Yanzu take da daɗi. Ka kusance ta da wuƙa in tashi in karya maka hannu."

"Tashi mana in gani."

Ta yi dariya har tari ya kama ta, na riƙe mata kwano.

Rediyo ya ce guguwa za ta hau daga teku. Na fito da tsohuwar komata ta kamun kifi, na yi wa kabewar shimfiɗa a ciki, na ɗaure ta da ginshiƙi irin ɗaurin jirgi. Iska ta kwantar da rabin rumfar. Ɗaurina bai motsa ba. Da na faɗa mata, ta ce, "To, ka yi amfani sau ɗaya."

Daga nan muryarta ta fara tafiya. Ruwan shinkafa ma ba ya zama. Wai-Fong ta bar aiki ta dawo gida.

Ranar ƙarshe na shiga da hantsi. Sai da na kai kunnena bakinta kafin na ji ta.

"Ta yi fari?"

Ta iri, in ta ƙosa, gashinta yakan zube, farin gari ya rufe ta. Tawa gashin ya fara zuba, amma kore take shar. Wai-Fong tana bayan gadon, tana gyaɗa mini kai in ce e.

"Ba ta yi ba," na ce.

"Da ka yi mini ƙarya mana."

"Ban iya ba."

"Na sani." Ta huta. "Kada ka yanke sai karan ya bushe."

"Matar Yaya, waccan da na yanke..."

"Na sha ta. Zance ya ƙare."

Mai tallan madarar waken suya yana wucewa a lungu yana kira. Kafin muryarsa ta kai gada, Wai-Fong ta fashe da kuka.

Aka sa fararen kayan makoki, aka kunna turare, aka kai ta kusa da Mak a kan tudu. Wai-Fong ta kulle gidan ta ba ni mabuɗin ƙofar baya. Ina shiga safe da yamma. Sanyi ya fara, ganyen ya ƙare, saura kabewa ɗaya a cikin koma.

Ranar da Yuk-Lan ta cika kwana arba'in da tara da rasuwa, bayan an ƙona mata takardar makoki ta ƙarshe bisa al'adarmu, na taɓa karan. Ya bushe. Na yanke, na rungumo ta zuwa gida, farin garin ya ɓata mini gaban riga. Na tsaga. Na matsa ɗaya daga cikin 'ya'yan tsakanin farce, bai fashe ba. Na zuba su a ruwa, wasu suka taso, mafi yawa suka nutse.

Kwanonta na ƙarshe yana wurina, ban samu mayar da shi ba. Na tsame waɗanda suka nutse, na baza su a ciki, na ɗora a kan katanga, daidai inda take ajiyewa. Na jawo kujera na zauna, saboda tsuntsaye.