Kifin Challawa

Tanar ba ta yi minti biyar a cikin ruwan ba ta mutu. Inuwa ya jawo ƙugiya ya dube ta, ta yi fari fat ta saki jiki. Ta bakwai ke nan tun hantsi. Ya yar da ita, ya zauna a gaɓar kogin Challawa, a bayansa ga katangun kamfanonin fata, har da wanda ya yi wa aiki shekara ashirin da biyu.

Ba marmari ne ya kawo shi ba. Yayansa Ado, masuncin da a da ake ji da shi daga nan har Tamburawa, yana kwance wata na uku, ga makanta, ga ciki ya ƙi abinci. Tun ranar da Ado ya ji cewa ƙanin nasa ne ke murɗa famfon da ke sakin ruwan jima cikin kogi, bai sake cin abin hannunsa ba. Bai taɓa yi masa faɗa ba, kwano dai yake mayar masa a rufe. Ya jingine taru ya daina zuwa su, amma kullum cewa yake ruwa mai tafiya shi ke wanke kansa, wata rana kogin zai dawo. Shekaranjiya ya aiko 'yarsa Halima.

"Baffa, ya ce in kuna so ya ci naku kafin ya tafi, ku kawo masa kifin Challawa, wanda kuka kama da hannunku."

Da tana ta gagara, Inuwa ya koma gida ya tono wani kifin roba daga ƙasan akwati, shuɗi, mai ƙugiyoyi a ciki da wutsiya. A samartakarsa ya yi gadi a bakin teku a Legas, a can wani dattijo ya koya masa fatsa da shi daga tudu. Ya ce masa: Ka fito lokacin da rana ba ta yi ƙarfi ba. Ka jefa inda kalar ruwa ta canza. Kada ka ja da sauri, ka ɗan fizga ka saki, har ya yi kama da kifi mai rauni, don babban kifi rago ne, mai ɗingishi yake bi. In ka gama, ka wanke shi da ruwan daɗi, gishiri ba ya barin ƙarfe.

Duk ya bi, ban da wankin. Ina ruwan kogin Kano da gishiri?

A safiya ta uku ya tarar ƙugiyoyin sun yi ja da tsatsa. Ya daɗe yana juya su a tafin hannu. Da ya isa gaɓa ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, sai ga gishiri, irin wanda ake barbaɗa wa ɗanyar fata, da wani ɗaci a bayansa. An ce ruwa ba ya tsami banza, shi kuwa ya san dalilin tsamin wannan, ya san har nauyin famfon. Kunya ta kama shi, ga shi babu ma mai kallonsa.

Ya kankare tsatsar da dutse ya ci gaba da jifa. Ana gab da la'asar igiya ta yi nauyi. Tarwaɗa ce, kai ya fi jiki, da gyambo a gefen ciki. A hanyar gida ya wuce masu sayar da tarwaɗar kiwo, manya-manya suna iyo a baho. Ƙafarsa ta so ta tsaya, ya hana ta. Sau ɗaya dai a rayuwa yana so ya kai wa Ado gaskiya.

Halima ta wanke kifin da toka, ta sake da lemun tsami, ta yi farfesu. Aka tayar da Ado aka jingina shi da bango. Ya laluba kwanon, ya gutsiri tsoka ya sa a baki. Inuwa na durƙushe a bakin tabarma.

Tsohon ya tauna sau biyu, ya tofar a hannunsa.

"Inuwa, makancewa na yi, ban zare ba. Shekara hamsin ina cin kifin Challawa. A wace kwata aka kamo wannan?"

Halima ta ce, "Baba, wallahi da idona na ga Baffa..."

Inuwa ya ɗaga mata hannu ta yi shiru. Ya dubi fuskar yayansa, wanda har yanzu a cikin kansa kogin na gudana garau, kifi na tsalle a ƙasan gada. Abin da ya rage masa ke nan a duniya.

"Saya na yi, Yaya. Ka yafe ni."

Ado ya yi ajiyar zuciya, har da ɗan murmushi.

"Ai na sani. Ruwan da ya raine mu ba zai haifi wannan ba." Ya zame ya kwanta, ya juya fuska bango. "Halima, rufe masa kwanonsa."