Ginin Wendyam

Shekara goma sha tara ina gini a Kudugu, ba a taɓa kirana an ce bangon da na ɗora ya karkace ba. Duk wanda ya ce a kira masa Barnabe magini ya san abin da yake nema. Amma a Kirsimetin da ya wuce, ginin da ya fi kowanne karkacewa a unguwarmu a ƙofar gidana yake, a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa sai ya bi.

Ɗana Wendyam ne ya gina shi. Shekararsa takwas. Da an ba da hutun makaranta yaran unguwa ke fara buga ƙananan tubala, kowane gida su gina wa Jariri Yesu ɗan ɗakinsa a ƙofar gida, ranar Kirsimeti manya su zagaya suna dubawa suna raba musu alewa. Shekara biyu Wendyam yana ɗaukar wa manyan yara laka a gidajen wasu, da ya kai hannu kan gini su make shi. A wannan shekarar ya ce ya isa ya gina nasa. Muna cin tuwo ya ajiye lomarsa ya dube ni.

"Baba, ka yi mini alkawari ba za ka taɓa ba."

"Ni da nake ɗora bene, me zan taɓa a wasan laka?"

"Ka dai ce ka yi."

Uwarsa Odil ta sa baki. "Faɗa da bakinka, Baban Wendyam. Na san hannun nan naka. Ko faranti aka ajiye a karkace sai ya gyara masa zama."

Na ce na yi alkawari. Har hannu yaron ya miƙo mini muka tafa, kamar an gama cinikin fili.

Daga ranar gidana ya koma ramin kwaɓa. Wendyam ya samo gwangwanin kifi ya fafe gindinsa, da shi yake buga tubalan yana jerawa a rana. Ƙanwarsa Sido, mai shekara biyar, ita ce mai kawo ruwa a kofi, rabi ya isa wurin laka, rabi ya ƙare a rigarta. Shi kuwa auta Fidel, da bai daɗe da iya gudu ba, aikinsa ɗaya ne: ya jira a jera ɗanyun tubala ya bi ta kansu da ƙafa. Sai kuka, sai duka, sai Odil ta fito da muciya tana rantsuwa za ta watsar da komai. Laka a bokitin wanka, laka a kan gado, har a aljihun wandon da nake zuwa coci da shi na tarar da busasshen tubali. Duk wannan na jure. Abin da ya gagare ni jurewa shi ne kallon yadda yaron nan yake ɗora gini.

Bai haƙa tushe ba. Bai ja igiya ba. Tubali kan tubali kawai yake jerawa, gaɓa a kan gaɓa, abin da ko leburan da ya kwana biyu a wurina ba zai yi ba. Ina zaune a kan benci, hannuwana a matse tsakanin gwiwoyi, raina na tafasa.

"Wendyam, ba a ɗora gaɓa kan gaɓa. Sarƙa su ake yi."

"Baba, ka yi alkawari."

"Na hannu na yi, ban yi na baki ba."

Daga madafa Odil ta ɗaga murya. "Har bakin ma a rufe mana shi!"

Na rufe. Yaron ya tayar da hasumiya, ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa. Ya zauna a ƙasa ya yi kukan haushi, ya share majina da hannu mai laka, ya tashi ya ɗora ta uku. Ta ukun ta tsaya, amma tsayuwar wanda ya wuni a gidan burkutu. Ƙofar ɗakin ta fi faɗi a sama, rufin kara ya zame gefe guda. Ya yi jaki da tumaki na yumɓu, in ba an faɗa maka ba ba ka sanin wanne ne jakin. Shi kuwa da safe kafin ya wanke ido sai ya fita ya duba ko ginin ya kwana lafiya. Ya hana kaza bi ta wurin, ya hana Fidel, har ni in na matso sai ya tsaya tsakanina da shi.

Da a bayan gida abin yake, da na kawar da kai. To ga Pare. Pare maƙwabcina ne, mai gyaran babur, ɗan ƙabilar Samo. Tsakanin ƙabilarmu ta Mosi da su wasa ne tun kaka da kakanni, ya zage ni a gaban jama'a, ba ni da ikon yin fushi sai dai in rama. Kuma Allah ya ba shi murya.

"Bawana! Ashe ka buɗe sabon reshe ba ka gaya wa ubangidanka ba?"

"Wa ya ce da kai bawa ya yi magana da safe?"

"Na ga samfurin aikinka ne a ƙofa. Da ina so in ba ka kwangilar akurki, amma ina tausayin kajin."

"Kai da ko babur ka gyara sai an tura shi zuwa gida?"

Ya kwashe da dariya, na taya shi, don haka ake yi. Amma bai tsaya nan ba. Duk wanda ya kawo faci sai ya nuna masa da sifana. "Ka ga wancan? Gidan babban magini ne. Ka gan shi can zaune, shi ya koya wa yaron." Mutane su leƙo su yi murmushi su wuce. Kwana huɗu ana haka. Na san wasa ne, kowa ma ya sani, amma murmushin nan yana bina har wurin aiki. Sai in ɗora bulo in ji kamar wani na bayana yana auna shi da ido.

Ranar jajiberi da safe Odil ta shirya yaran uku, za ta kai mazan aski, ta karɓo ɗinki, daga nan su wuce coci gwajin waƙa. Ta goya Fidel ta tsaya a ƙofa.

"Ga zabi biyu can a kwando. Ka yanka ka fige kafin mu dawo. Aikinka ke nan, shi kaɗai."

"Na ji."

"Baban Wendyam."

"Na ce na ji mana!"

Suka tafi. Na ɗauko wuƙa, Allah ya sani wurin zabin na nufa. Sai na ce bari in leƙa waje. Akwai wani tubali a saman ƙofar ɗakin da ya turo kai waje, kwana huɗu yana tsone mini ido. Na ce wannan ɗaya kawai, da ɗan yatsa, ba wanda zai sani. Na durƙusa na tura shi.

Bangon gaba ya zube gaba ɗaya. Hasumiyar ta yi ɗan jira kamar tana shawara, ta bi shi.

Na daɗe a durƙushe, zufa na keto mini. Abin da na fara niyya shi ne in mayar da shi yadda yake, karkacewarsa da komai, yaron ya dawo bai gane ba. Na gwada. Na ɗora tubali a karkace, kafin in ɗauko na biyu hannuna ya riga ya daidaita na farkon. Na sake, haka. Shekara goma sha tara ba ta fita daga hannu a safiya ɗaya. Haushi ya kama ni, haushin yaron da bai ji magana ba, haushin Pare, haushin wanda ya fara ƙirƙiro wa yara wasa da sana'ar mutane. Na ce tunda abin ya zama haka, a yi shi yadda ake yi. Na shiga na ɗauko igiyar awo da cokalin gini da ragowar siminti.

Ina cikin ja layi na ji inuwa a kaina. Pare ne, yana goge hannu da tsumma. Bai ce bawana ba.

"Barnabe, me kake yi?"

"Abin da ka gani."

"Kai, wasa fa nake yi. Na yaro ne."

"Tafi ka ji da baburanka."

Ya tsaya kaɗan, ya juya. Ni kuwa na duƙufa. Na haƙa ɗan tushe, na sarƙa tubalan Wendyam yadda ya kamata, na yi wa ƙofa baka, na tayar da hasumiya biyu daidai wa daida. Na shafe da siminti, da ya sha iska na bi da farar ƙasa, na ja shuɗin layi a gefuna. Har matakala uku na yi. Ba zan ɓoye ba, da na ja baya na duba, daɗi na ji. A duk Kudugu ba na jin akwai irinsa. Sai da na ji muryar Sido daga kwana na tuna da zabi, suna nan a kwando da ransu.

Sido ce ta fara isowa, ta yi tsalle tana tafi. "Kai! Ya zama fari!" Odil ta tsaya da ledar ɗinki a hannu, ta dubi ginin, ta dubi simintin da ke hannuna, ta wuce cikin gida. Na fi son ta yi faɗa. Wendyam ya zo da sabon askinsa, ya zagaya ginin sau ɗaya a hankali.

"Ina nawa?"

"Shi ne wannan. Tubalanka ne duk a ciki, gyara kawai na yi. Faɗuwa ya yi."

"Da kansa?"

Na hau goge simintin hannuna a jikin wando. Ya dube ni, idonsa ya ciko, amma bai yi kuka ba. Ya sunkuya ya tsince jakinsa da tumakinsa daga inda na tara su a gefe, ya zuba a rigarsa ya shige gida.

Ni fa a lokacin fushi na yi. Na bi Odil madafa ina faɗa. Awa huɗu a rana, gwiwata har ta sage, ko sannu babu! Yaran wasu da za su samu irin wannan ai da rawa za su kwana. Ta bar ni na gama, tana zuba ruwan zafi a roba.

"Ka gama? To ɗauko zabin. Su dai ba su sa ka yi musu alkawari ba."

Ranar Kirsimeti muka je sujadar safe cikin sabon ɗinki, atamfa iri ɗaya mu biyar. Wendyam ya yi waƙa da yara, ya ci shinkafa da nama, ya ce na gode da aka ba shi lemo. Komai aka ce ya yi yana yi. Ƙofar gida kawai yake bi ta gefe, kamar ginin na maƙwabta ne. Sido ce ta sa ɗan mutum-mutumin Jaririn a ciki, ita ma sai da ta tambaye ni ko an yarda ta taɓa.

Da la'asar aka fara zagaye. A ƙofar Pare 'yan biyunsa sun tara wani abu mai kama da suri, sun soka masa kara a ka, suna tsaye ƙirji a waje suna yi wa kowa bayani: nan ne ƙofa, nan jaki ke kwana, nan ya faɗi muka sake. Mutane na dariya suna cika musu aljihu. A tamu ƙofar taro ya fi yawa, har da masu ɗaukar hoto da waya. Odil ta turo Wendyam waje don kada a ce ba yaro a gidan. Ya tsaya jikin bango, hannuwa a baya.

Sai ga Iya Rozali, tsohuwar da ta koya wa rabin unguwar nan addu'a, ni ma a ciki. Kowace shekara da jakar alewarta take zagayawa. Ta duƙa da ƙyar ta leƙa ginin, ta shafa matakalar da yatsa.

"Iye! Wendyam, jikana, kai ka yi wannan?"

"A'a, Iya. Babana ne."

Ta miƙe ta dube ni sama da ƙasa. Ta zura hannu a jaka ta ɗebo alewa uku, ta kamo hannuna ta danƙa mini.

"To ungo, yaron kirki. Ka yi ƙoƙari. Allah ya raya mana kai."

Aka fashe da dariya. Pare yana cikin taron, wannan dama ko a mafarki bai samu irinta ba, amma sai ya sunkuyar da kai kawai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ina tsaye da furfura a gemu da alewa a hannu.

Da mutane suka ragu na samu yaron a tsakar gida, yana zaune kan turmi yana cire ƙaya daga sabon takalminsa. Na durƙusa a gabansa. Ban saba ba yaro haƙuri ba, ubana bai taɓa ba ni ba.

"Wendyam, na yi laifi. Na karya alkawari. Baɗi kai za ka gina, ko kusa ba zan zo ba. In ka so ma yanzu mu rushe wannan ka sake naka."

Ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, ba gatse, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

"A'a Baba, kar ka rushe, yana da kyau. Baɗi ma kai ka gina kawai. Ni ban iya ba."

Ya sa takalminsa, ya tambaye ni ko zai iya zuwa ƙofar su Pare ya ga nasu. Na ce ya je.