Shirun Shagon Baba

Auta ba ta iya jira ba, kuma tun tana ƙarama haka take. Shayi bai taɓa hucewa a hannunta ba, sai dai ta ƙona harshe ta yi ta fifita baki. In motar haya ta tsaya a danja, ƙafarta ce ke taka totur daga kujerar baya. Sai kuma Allah cikin ikonsa ya haɗa ta da uba mai in'ina.

Baba gyaran keken ɗinki yake yi, a wani shago mai ƙofa ɗaya, tsakanin mai walda da mai sayar da labule. Kawunan kekuna jere a kan kanta har rufi, notuna cikin gwangwanayen madara, ko'ina warin mai. Hannunsa ba ya gardama da komai. Keken da ya gagari kowa, in ya zo gabansa sai ya kwantar da kai. Bakin ne ba ya ba shi haɗin kai. Kalma kan maƙale masa a bayan haƙora, ya runtse ido, haɓarsa na rawa, mai sauraro ya rasa inda zai ajiye idonsa. Tun tana firamare Auta ta zama bakinsa. Tela zai tambayi abin da ya lalace, Baba ya fara "kwar… kwar…", ita kuwa daga kan benci ta ce kwarkwaro ne, ya sake shi. Teloli su yi ta yaba kaifin yarinya, Baba ya gyaɗa kai ya koma kan aikinsa.

Da ta kai shekarar ƙarshe a sashen koyon shirya fim, aka ce kowane ɗalibi ya kawo gajeren fim, za a zaɓi na nunawa a babban zaure, har da iyaye da baƙi. Sharaɗin Malama mai kula da aikin ɗaya ne, kuma ba ta yi masa kwaskwarima: kada ya wuce minti goma. 'Yan ajinsu suka bazama, wannan zai yi na 'yan fashi da bindigar roba, wancan na soyayya a ƙarƙashin ruwan sama na bokiti. Auta ta ce ita Babanta za ta ɗauka. Tana son sa, wannan ba a tambaya. Amma tun ranar da ta faɗi haka abu ɗaya ya tsaya mata a ƙirji: zauren nan cike da mutane, fuskar Baba ta cika bango, kalma ta maƙale, wani ya tuntsire da dariya. Ta san irin dariyar. Ta taɓa fasa wa wani yaro leɓe a kanta.

Su biyu suka yi ɗaukar, ita da kyamara, abokin karatunta Kunne da makirfo a kan sanda. An laƙaba masa sunan ne saboda hedifon ba ya barin kansa, ko abinci yake ci. Mutum ne mai sanyin jiki, irin wanda in ka ce ya yi sauri sai ya tsaya ya tambaye ka dalili, don haka kullum suna cikin faɗa. Yini guda suka yi a shagon. Auta na jefa tambayoyi, tana duba batir, tana leƙa rana, tana gyara wa Baba wuyan riga, duk a lokaci ɗaya.

Masu ɗaukar sauti suna da wata al'ada tasu. In an gama aiki a wuri, sai kowa ya yi tsit na ɗan lokaci a naɗi shirun wurin, domin kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike gurbi in an yanke magana. Da Kunne ya nemi a yi hakan, mai walda na tsaka da gurza ƙarfe. Auta ta bar kyamara a kunne ta fita roƙonsa ya ɗan dakata, ta tsaya a bakin titi tana ɗaga wa masu babur hannu kamar 'yar sanda. Da ta dawo Kunne ya ce shirun bai yiwu ba, Baba ya yi magana a ciki, amma ya kamata ta saurara. Ta ja tsaki, ta ce a sake. Aka sake, ta tattara kaya tun kafin ya naɗe wayarsa.

A ɗakin editin na makaranta, inda ake yanka fim a haɗa shi, mai fanka ɗaya da kujerun da duk suka karkace, ta ga girman aikin da ta jawo wa kanta. Amsa ɗaya ta Baba kan cinye abin da fim ɗin gaba ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Sai ta zauna yanka. Duk inda kalma ta maƙale, ta datse maƙalewar ta manna farkon kalmar da ƙarshenta, ta zuba shirun shago a tsakani don kada a ji ɗinkin. Matsalar ita ce duk inda aka datse, fuskar Baba sai ta yi tsalle a allo. Wannan ma akwai dabararsa, an koya musu tun ajin farko: ka rufe wurin da wani hoto. Ta rufe da hannunsa yana juya sukudireba. Ta rufe da allura tana hawa da sauka. Ta rufe da gwangwanayen notuna, da ƙafarsa a kan feda, da hannun kuma, da hannun dai.

Kwanaki ta yi a haka, tana cin biskit a tsaye, tana zagaya ɗakin in kwamfuta ta tsaya tunani. Kunne ya leƙo sau biyu ya tuna mata da shirun nan da ya lalace, ta ce ya ƙyale ta da abin da ba ya shiga fim. A na uku ya zauna ya kalli aikin har ƙarshe, ya zame hedifon zuwa wuya, ya ce sautin ya fita tsaf, sai dai bai san mutumin da ke magana ba. Ta ce shi dama bai san kowa ba sai wayoyinsa. Malama ma ta gani ta ce aiki ya yi kyau, muryar dattijon kamar ta mai karanta labarai. Auta ta ji daɗi har cikin ranta. A ganinta kyauta ce ta haɗa wa Baba, irin wadda ba wanda ya taɓa ba shi.

Ana gobe rufe karɓar fina-finai ta kai kwamfutarta gida da rana, lokacin da Baba ke dawowa cin abinci. Ta ɗora ta a kan tebur, ta sauke labule, ta kasa zama, ta tsaya a bayan kujera tana cizon farce. Muryar Baba ta fito sumul, jimla na bin jimla. Mama ta dafe ƙirji, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce shekara da shekaru tana aure da mutumin nan ba ta san haka ya iya zuba ba, ashe a cikin na'ura ya ɓoye bakin. Baba bai yi dariya ba. Ya kalla har sunaye suka gama hawa, hannayensa a kan gwiwa.

Sannan ya fara magana, kuma ya daɗe kafin ta fito. Auta ta buɗe baki za ta taya shi, ta rasa kalmar, domin wannan karon ba ta san inda ya nufa ba.

"Ya… ya iya magana, mutumin nan," in ji Baba. "Kin s… samu uban da ba ya ɓata miki lokaci."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Har murmushi ya yi, ya sa mata albarka, ya ce hannayen dai nasa ne, ya gane su. Da Mama ta tambayi wace riga zai sa ranar nunawa, sai ya ce ba sai ya je ba, ai wancan ɗin zai wakilce shi. Ya ɗauki hularsa ya koma shago, abincin ma bai gama ba. Haushi Auta ta fara ji, na wanda ya yi wahala ba a gode masa ba, amma haushin bai yi ƙarfin da zai rufe kunyar da ke ƙarƙashinsa ba.

Washegari da sassafe ta riga mai shara isa ɗakin editin. Ta buɗe ɗanyen abin da suka ɗauka, wanda ba ta taɓa ba, ta sa hedifon. Abin da ta ji ba in'inar Baba ba ce. Muryarta ce. Duk inda ya maƙale, sai ga ta daga bayan kyamara ta cafe kalmar ta miƙa masa, shi kuma ya gyaɗa kai ya maimaita. Wani wurin ma da gani ba abin da zai ce ke nan ba, ya dai karɓa ne don a wuce. Yini guda cur, ba jimla mai nauyi ko ɗaya da ta bari ya kai ƙarshenta da kansa.

Kunne ya shigo ya same ta ta yi tagumi. Ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta ya buɗe shirun da ya lalace.

Ga Baba a allo, shi kaɗai, kyamara ta ɗan karkace. Mai walda ya yi shiru, titi ya yi shiru. Baba ya dubi ƙofa, ya dubi Kunne da ke tsaye da sanda, ya ga ba mai cewa komai. Bai san dokar aikin ba ce ta rufe wa yaron baki. Shi dai ya ga an bar masa fili. Ya nuna bencin da ke gefensa ya fara. Kalmar farko ta ƙi. Ya runtse ido, haɓa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, ba wanda ya kawo masa ɗauki. Ta fito. Ta biyu ma haka. A hankali, da kyar, ya ce a nan Auta take zama tun ba ta fi tsayin keken nan ba, ta tallabe haɓa tana kallon bakinsa har ya gama. Ya ce duk duniya ita kaɗai ce ba ta gajiya da jiran sa. Ya goge hannu da tsumma, ya ce daga baya ta yi wayo.

Auta ta cire hedifon ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka sosai. Kunne ya fita neman ruwan da ba wanda ya aike shi.

Ƙarfe huɗu ofishin Malama ke rufewa. Ta share fuska ta hau aiki kamar ana bin ta. Wurin nan kaɗai ya kusa cinye rabin fim, don haka dole wasu abubuwa su ba shi wuri. Ta cire gabatarwar da ta yi da muryarta, wadda ta sha wahalar rubutawa. Ta cire kiɗan. Ta cire hoton titi da hantsi, wanda ta fi alfahari da shi a duk abin da ta taɓa ɗauka. Ta kwashe hannaye da allurai daga kan fuskar Baba, ta mayar da maƙalewar inda take, ta bar har muryarta tana katse shi, a ji. Fim ɗin ya fito da ƙura-ƙura, ba sumul ba, kuma ta san za a iya yin dariyar da take tsoro.

Tana kwafe shi a filas, 'yar na'urar da za ta miƙa fim ɗin a ciki, Kunne ya tambaye ta ko Baba ya san an ɗauki wancan wurin. Hannunta ya tsaya. Bai sani ba. Shi da Kunne yake magana, ba da zaure ba.

Ta duba agogo, ta tare babur, duk hanya tana ce wa mai shi ya ƙara wuta. Ta tarar da Baba ya kwance kan wani keke, notuna a jere a kan tsumma. Ba ta zauna ba. A tsaye ta buɗe kwamfutar a kan kanta ta nuna masa wurin, tana bayani da sauri: ga abin da ta yi, ga abin da zai iya faruwa a zaure, in bai yarda ba tsohon fim ɗin na nan, yanzu za ta miƙa shi, amma lokaci ya ƙure.

"Baba, in saka ko in cire?"

Ya daɗe yana kallon fuskarsa a allo, fuskar da ke kokawa da kalma. Sannan ya ɗago ya buɗe baki, abin ya maƙale. Mai babur ya danna hon a waje. Auta ta ji amsoshi biyu sun taru a kan harshenta, ko wacce a shirye, filas ɗin ya jiƙe da gumi a tafinta. Ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini. Haɓar Baba na rawa, idonsa a runtse, mai walda ya ci gaba da gurza ƙarfensa.

"S… saka," in ji shi.

Ta juya za ta zura da gudu, har ta kai ƙofa. Sai ta ji ya buga sukudireba a kan kanta, sau biyu. Ta waiwayo. Yana nuna mata benci.

"B… ban gama ba."

Hon ya sake tashi a waje. Auta ta dubi titi, ta dubi agogon hannunta, sannan ta kwance shi ta jefa cikin jaka. Ta ture gwangwanin notuna gefe, ta zauna a kan bencin, ta tallabe haɓa.