Yatsun Ƙafar Areef

Da hantsi ina kwance ƙarƙashin injin jirgin ruwan otal, hannuna duk baƙin mai, sai waya ta yi ƙara. Dakta Nuzha ce, likitar asibitin otal.

"Ilyasbe, wanke hannu ka zo. An taho da mutum ɗaya daga kudu, mai nutson kokwambar teku."

"Da ƙafarsa yake tafiya?"

"Sun ce wai sanyi ne ya kama shi."

Na yi tsaki. Kokwambar nan wata 'yar dabba ce mai tsada da ake tsintowa a ƙasan teku, kuma duk mai nutso a tsibiran nan namu na Maldives sanyi ne ke kama shi. Ko ka tarar da shi a ƙudundune cikin jirgi yana cizon igiya, sanyi ne. Ba wanda zai buɗe baki ya ce ruwa ya taɓa shi, don ranar da ya faɗa, ranar kyaftin zai fara neman wanda zai ba tulun iskarsa.

Tukunya muke ce wa ɗakin. Tankin ƙarfe ne fari, a kwance bayan ƙaramin asibitin otal, da gadaje biyu a ciki da tagogin gilashi kamar faranti. Wanda ya yi gaggawar tasowa daga ƙasan teku, iska kan yi kumfa a jininsa kamar an buɗe kwalbar lemo. Sai a rufe shi a Tukunya, a matsa iska har jikinsa ya ɗauka ya koma zurfin mita goma sha takwas, a ba shi oksijin, sannan a taso da shi sannu a hankali. Ba a rufe mutum shi kaɗai, dole wani ya zauna da shi. Ni ne wanin, shekara tara ke nan, ba a biyana ko rufiya ɗaya ta kuɗin ƙasarmu, kuma daga nan har Male, babban birninmu, ban ga wanda ya fi ni iyawa ba. Ku je ku tambaya.

Tun daga ƙofa na ji ƙamshin man kwakwa. Mutumin yana zaune bakin gado yana sheƙi tun daga wuya har idon sawu, kamar kifin da za a soya. Shekarunsa ba su wuce talatin ba, ƙirji faffaɗa, haƙora a datse. Areef sunansa. Kusa da shi ga wani dattijo mai furfura a tsaye, hannu a baya. Na san shi: Seedhibe, kyaftin ɗin jirginsu, kuma kawunsa.

"Wa ya yi wannan aikin?" na tambaya.

"Uwarsa," in ji Seedhibe. "Da ɗuminsa ta shafa masa. Ai mu ma da shi aka rene mu."

"To madalla. Mai da oksijin ba sa shiri, Seedhibe, wuta suke tayarwa. Idan ya shiga haka, ni da shi za ku kwaso a faranti."

Minti ashirin muka ɓata da sabulu da soso. Areef yana cije leɓe duk sanda na ɗaga kafaɗarsa ta dama. Na karɓe agogonsa da ashanarsa da 'yar ledar ganyen taunawa da ya soke a ƙugu, na ba shi rigar auduga. Dakta tana ta tambayoyi yana ta ƙarya. Tulu nawa jiya? Biyu. Zurfi fa? Mita ashirin. Na dubi Seedhibe, shi kuma ya dubi fanka. A raina na ce tulu biyar, mita arba'in, kuma na yi musu rangwame.

Ya taka da kansa zuwa Tukunya, taku shida, hannunsa a kafaɗata wai don santsi. Na shiga bayansa ina jan ƙafata ta hagu kamar kullum, aka rufe ƙofa.

Saukowa akwai ƙara, akwai zafi. Iska tana huci, kunne yana toshewa, gumi yana tsattsafowa. Na ce ya toshe hanci ya hura, ya harare ni, wai shi za a koya wa wannan. Da muka kai ƙasa na ɗaura masa takunkumin oksijin na zauna ina kallon fuskarsa. Ba a yi minti goma ba goshinsa ya saki. Ya ɗaga hannun dama, ya juya shi, ya sake juyawa. Haka suke duka. Ciwon da ya hana su barci ya ɓace kamar an ɗauke da hannu, sai su ɗauka an gama.

Dokar ita ce minti ashirin da takunkumi, minti biyar a cire a huta. A hutun farko ya ce, "Yaya, na warke. Ce musu su buɗe."

"Nan ba shagon shayi ba ne, ƙanena. Awa biyar, in Allah ya so ka."

"In bai so ni ba fa?"

"A ƙara."

Ya san lissafin, duk masu nutso sun sani. Awa biyar, ciwon gaɓa ne, bayan wata guda ka koma ruwa. Idan aka ƙara, to kumfar ta taɓa laka, kuma ba kyaftin ɗin da zai sake ɗaukarka. Ba sai likita ta faɗa ba, agogo ne ke faɗa. Ga Seedhibe can a waje, fuskarsa ta cika taga ɗaya, ya ƙi zama ya ƙi tafiya.

A hutu na biyu muryar Dakta ta fito ta lasifika. "Ilyasbe, gwada shi."

Na gwada. Matse hannuna, ya matse har ƙashina ya yi ƙara. Tura ƙafa, ya tura da dukan cinyarsa. Na ɗauki tsinke ina tsikarar sa daga ƙugu zuwa ƙasa, ido a rufe.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji."

Ko'ina ya ji. Har inda ban kai ga taɓawa ba ya ji. Amma wannan ba hujja ba ce, mai jin tsoro yakan riga tsinke amsawa. Na ce wa Dakta da sauƙi, zan sake dubawa. Ta ce idan hutu na uku ya yi kyau za mu fara tasowa.

Na mayar masa da takunkumi, na jingina da ƙarfe. Raina bai kwanta ba. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ni ne a kan irin wannan gadon, a wata Tukunyar, wani Bature yana tsikarata ina cewa na ji, na ji. Ya yarda da ni, bawan Allah, don bai san mu ba. Aka taso da ni a kan lokaci. Na koma jirgi na yi sati uku, ran nan na tashi daga barci ƙafar hagu ta ƙi bina. Har yau ba ta gama bina ba. Sai da Dakta Nuzha ta yi wata biyu tana juya ni kafin ta yarda in riƙa shiga da marasa lafiya, kuma ta yarda ne don ta ga ba a iya yi mini ƙarya.

A hutu na uku aka turo mana shayi da roshi, gurasarmu, ta ƙaramar ƙofar abinci. Na ce ya zauna ya sauke ƙafafu ƙasa. Ya zauna yana kurɓa, har da murmushi, yana ɗaga wa kawunsa kofi ta taga. Na zare tawul daga wuyana na share gumi, na sake shi ya faɗi daidai gefen ƙafarsa ta hagu.

"Kai, tsufa. Miƙo mini, ƙanena."

Ya ajiye kofi a kan gado, ya sunkuya, ya ɗauka da hannu.

Mutumin da ya tashi a jirgin kamun kifi ba ya sunkuyawa ya ɗauki abu. Igiya ce, ƙugiya ce, murfin kwalba ne, da yatsun ƙafa muke cafkewa mu miƙa wa hannu, ko kallon ƙasa ba ma yi. Ɗazu ma da muke wanka sabulu ya suɓuce gefen damansa, da ƙafa ya ɗauko mini.

Na karɓi tawul ɗin, na sake jefar da shi a wurin.

"Yanzu ɗauko kamar ɗan jirgi."

Ya dube ni. Ya dubi tawul. Babban yatsan ya ɗan motsa kaɗan, sauran huɗun suna kwance kamar ba nasa ba. Ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun jiya da la'asar." Ya rage murya, ya juya wa taga baya. "Yaya, don Allah. 'Ya'yana uku. Ban iya komai ba sai ruwa. Zai sake ni da kansa, na ga waɗanda ya sake su."

"Ni ma na ga su. Dube ni."

Na ɗage zanena na nuna masa ƙafar, siririya kamar sandar tsintsiya kusa da 'yar'uwarta. Ya kalla, ya kau da kai.

"Kai ka yi naka. Bar ni in yi nawa."

Tausayinsa ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Na san gidan da zai koma, na san yadda za a dube shi a bakin gaɓa idan jirgi ya tashi ba shi. Amma ko na daƙiƙa ɗaya ban yi shakkar abin da zan yi ba. Na danna lasifika.

"Dakta, yatsun hagu ba sa kamawa. Huɗu ba motsi, babban kaɗan. Tun jiya da la'asar."

"Ya faɗa maka?"

"Ƙafar ce ta faɗa."

"To za mu ƙara. Zagayen oksijin biyu a nan ƙasa, biyu idan mun fara tasowa. Ka shirya, kai ma za ka sha oksijin a ƙarshe."

Na ga fuskar Seedhibe ta janye daga taga. Areef ya zage ni, ya zagi ƙafata, ya ce ashe gurgu baƙin ciki yake da masu tafiya. Na ce na ji, sa takunkumi. Ya sa. Hawaye suna bin gefen robar, ni kuma ina gyara masa maɗauri don kada iska ta zurare.

Awa takwas muka yi. Muka yi azahar da la'asar a zaune, bai yarda ya bi ni ba. Duk hutu ina jefa tawul, duk hutu yana kallon bango yana gwadawa. A na shida yatsu biyu suka lanƙwasa. A na takwas ya ja tawul ɗin ya kai tsawon taki kafin ya suɓuce. Da aka buɗe ƙofa rana ta yi ja, jirginsu kuwa ya daɗe da tafiya. Seedhibe ya bar masa jakar kayansa a wurin mai gadi.

Sau huɗu ya sake shiga Tukunya a satin nan, kuma ya roƙi Dakta a ba shi wani ya zauna da shi, ba ni ba. Aka ba shi.

Yanzu yana aiki a jirgin da ke kawo wa otal kayan miya daga Male, Talata da Asabar. Bai sake nutso ba. Idan suka iso nakan bar abin da nake yi in fito bakin gaɓa kamar mai shan iska. Yakan yi tsalle daga jirgi ya dira da ƙafa biyu, ya cafki igiya da yatsun hagu ya miƙa wa hannunsa, ya ɗaure. Shekara biyu ke nan, ko sallamata ba ya amsawa, idan ya zo wucewa sai ya juya fuska wajen teku. Ya yi ta juyawa. Ni dama ba fuskar nake fitowa kallo ba.