Yankan da Ya Ƙi Bin Kiɗa

Tun da aka yi wa Baba aiki a gwiwa ya ɗaura gaba da sanda. Likita ya ce sai ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. Shi kuwa ya rantse ba mahalukin da zai gan shi yana dogara itace. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana malamin motsa jiki, da usur a baki, yana kora 'ya'yan mutane su zagaye fili har sai sun ga taurari da rana tsaka, yau shi ne daga gado sai kujera, shi ma sai ya rataya a kafaɗar wani. Sandar tana jingine bayan ƙofa tana shan ƙura.

Auta ce aka bar wa jinyar. Ta ɗauki hutu a shagon tabarau inda take aiki, ta zauna a gida, ta gwada duk dabarar da Allah ya hore mata. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi kukan ƙarya. Har rimot ta ɗora a saman firij don ya tashi ya ɗauko, amma Baba ya gwammace ya yini yana kallon tashar da ake tallan tukwane, har ya fara ba ta shawarar wadda ba ta kama girki.

Sai Yaya, babbarsu, ta bugo waya.

“Ƙarshen mako ina nan tafe da akwati. In na tarar bai fara takawa ba, na ɗauke shi ya dawo wajena. Ke wasa kike yi.”

Auta ta ajiye wayar. A gidan Yaya ba gishiri a miya, ba talabijin sai an nemi izini, kuma Baba ya sha faɗa cewa in aka kai shi can a ɗauka an kai shi kurkuku. Ita kuma, ko da yake ba za ta faɗa a gabansa ba, ba ta san yadda za ta zauna a gidan nan babu mitarsa ba. Abin yana tsorata ta sosai.

Da tsoron ya ishe ta sai ta gudu inda ta saba gudu, wato gaban tsohuwar kwamfutarta. Auta tana cikin masu haɗa bidiyon anime, zanen nan da Baba yake kira 'yan manyan ido. A tsinto guntayen faɗa daga nan da can, a ɗora su kan waƙa, a yanka kowanne daidai bugun ganga. A zaurensu na intanet ana gasa, ita kuma ta ɗauko wani mai shuɗin gashi da takobin da ya fi shi tsawo, yana fafatawa da ƙaton dodo mai kan kifi.

Tana da hanyar aikinta da take alfahari da ita. Bayan azahar sai ta zauna a tebur, ta cire takalmi, ta cusa iyafis ɗinta wanda kunnen hagunsa ya daɗe da rasuwa, ta rufe ido ruf. Wai kiɗa ba a ganinsa, jin sa ake yi a jiki. Duk inda ta ji bugu sai ta danna madanni, alama ta sauka a kan layin waƙar. Kullum ɗan yanki take yi, gobe ta ɗora daga inda ta tsaya. Bayan nan sai ta kashe sautin gaba ɗaya, don kwamfutar ba ta iya ɗaukar sauti da kwalliya a lokaci guda, nan take take fara huci kamar mai hawan bene da buhu. Alamun kawai take bi. A kan kowace alama takobi ya sauka, hoton ya girgiza, farar walƙiya ta wulga. Inda alamun suka yi nisa da juna sai ta rage gudun hoton, gashin jarumin ya yi ta kaɗawa a hankali.

Ta ɗan lura cewa alamun farkon waƙar sun yi wawakeke, amma ta ce ai masu fasaha ne kaɗai suke jin bugun da yake ɓoye.

Ranar da Yaya ta iso, da akwati da mijinta a baya, kwamfutar ta gama fitar da bidiyon ke nan, Auta ko kallonsa ba ta yi ba. Yaya ta gaishe da Baba, ta dubi sandar da ke bayan ƙofa, ta dubi ƙanwarta.

“Baba, ka taka kuwa?”

“Ina hutawa,” in ji Baba.

“To ke me kika yini kina yi a gidan nan?”

“Ina wani aiki ne, Yaya.”

“Kawo mu gani. Sa mana a talabijin, kowa ya shaida aikin da ya fi ƙafar ubanmu.”

Auta ta haɗa waya, zuciyarta tana cewa aƙalla dai za su ga gwaninta. Waƙa ta tashi da gudu, ganguna suna zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Mai shuɗin gashi kuwa ya ɗaga takobi, ya tsaya. Ya yi ta tsayuwa. Sai da mawaƙin ya ja numfashi, wurin ya yi tsit, sannan takobin ya sauka, allon ya girgiza, walƙiya ta haske falon a banza. Aka sake jira. Ganga ta buga ta gaji, dodo yana buɗe baki a hankali kamar mai hamma.

Mijin Yaya ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ciji leɓe, ya kalli silin, daga ƙarshe dariyar ta fita ta hanci.

“Ƙanwata, wannan jarumin kurma ne? Ko kuwa wata waƙar yake ji a cikin kansa?”

Kunya ta rufe Auta, ta rasa inda za ta sa kanta. Ko yanka ɗaya bai hau kiɗa ba. Yaya ta karɓe rimot ta kashe sautin, ta bar hoton yana ta tsalle shi kaɗai.

“Kin gani? Ba Baba ba, ba bidiyo ba. An bar miki amana kin toshe kunne kina wasan yara. Tashi ki haɗa masa kayansa.”

“Ke, ya isa,” in ji Baba.

“Baba, gaskiya ce ai. Yarinyar nan ba ta da...”

“Na ce ya isa! Ba mai yi wa Auta tsawa a gidana ina zaune.”

Da yake ya ce yana zaune, sai ya ga ya kamata ya tashi. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya miƙa hannu bayan ƙofa ya fizgo sandar kamar tsohuwar abokiya, ya nufi ɗakinsa cikin fushi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Yatsan Auta ya fara dannar cinyarta shi kaɗai. Ta san wannan bugun. Ta tafin ƙafarta yake shigowa, ta kunnen hagun nan da ba ya kawo waƙa. Ta ɗaga kai ta dubi talabijin, inda bidiyon ya kusa ƙarewa. Sanda ta sauka, takobi ya sauka. Sanda ta sauka, walƙiya ta wulga. Dodo mai kan kifi yana shan sara daidai da takun Baba.

“Baba!” ta ƙwala masa kira. “Kai ne! Duk ranakun nan in na rufe ido, kai ne kake zirga-zirga a bayana!”

Baba ya tsaya a tsakiyar falo, ya dubi sandar da ke hannunsa kamar wani ne ya maƙala masa ita.

“Ni? Iska ce.”

“Iska mai sanda?” in ji mijin Yaya.

Auta ta mayar da bidiyon farko, har yanzu ba sauti. Yanzu kowa ya gane abin da yake kallo. A farko sara ɗaya, sai dogon jira, jarumi yana shawagi a sama ba ya son sauka. Zuwa tsakiya saran ya fara matsowa kusa da juna. A ƙarshe kuwa takobin yana tafiya tiryan-tiryan kamar faretin 'yan makaranta. Auta tana dariya hawaye yana zuba, don ta gane farkon nan mai dogon jira takun Baba ne na farko, shi kaɗai yake yinsa a bayanta, yana cije baki kada ta ji.

Yaya ta zauna a kan akwatin da ta zo da shi.

Baba ya matso gaban talabijin yana ƙanƙance ido, ya nuna wani wuri da bakin sanda, inda jarumin ya daskare a sama gashinsa yana kaɗawa.

“Nan ba gajiya na yi ba. Silifas ɗina ne ya fita.”

“Mun yarda, Baba.”

“Kuma walƙiyar nan ta yi yawa, za ta kashe wa mutane ido.” Ya juya zai tafi, sai ya tsaya bai waiwayo ba. “Gobe za mu sake, ƙarshen bai yi saurin da nake so ba. Amma ki buɗe idonki, Auta. Na gaji da wucewa ta bayanki ba wanda zai ce min sannu.”