Wannan Iri Ne, Malam

A shekarar fari ta biyu, ikkilisiyar Gidan Kanya ta riƙa raguwa kamar sabulu a hannun mai wanki. Ɗanliti mai ba da waƙa ne ya fara tafiya. Ya ce zai je Kano ci-rani ya dawo da damina. Damina ba ta zo ba, shi ma bai zo ba. Malamar da ke koya wa yara karatu ta bi mijinta kudu. Mai ba da magani kuwa ko sallama bai yi ba, da safe aka ga ɗakinsa a buɗe, kaji na ciki. Ya rage saura Malam Sama'ilu mai bishara, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana wa'azi a wannan ɗakin laka da ke tsakiyar gonaki, arewa da Tsanyawa.

Shi ma sai ga takarda daga majalisar gunduma, wai an gode, ya je ya huta, za a turo sabon ma'aikaci. Hutu! Wa ya gaya musu ya gaji? Gaskiya ne idanunsa sun yi yana, ya daɗe da daina ganin baƙi a Littafi, da ka yake karantawa. To, da ya karanta da ka, wace aya ce ta ɓata? Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya haɗiye.

Akwai wani abu a majami'ar nan da babu shi a kowace takarda. Tun wata yunwa da aka yi yana saurayi, Sama'ilu ya ga yadda magidanci mai hankali kan wayi gari ya surfe irin shukarsa ya ba yara, ruwa ya sauka ya same shi ba ko ƙwayar shukawa. Shi ne ya kafa al'ada: in an yi girbi, kowane gida ya zaɓo zangarniyar da ta fi kyau a kawo majami'a, a ɗaure, a barbaɗa toka, a rataye a jikin azara. Ba mai taɓawa sai ran da ruwan shuka ya sauka. Har ƙaninsa Badaru, da ya musulunta tuntuni, yakan aiko da nasa, ya ce yunwa ba ta shiga ɗakin ibada da tsani. Geron nan gajere ne mai saurin nuna, shi kaɗai ya yi ƙwaya a bara da ruwa ya ɗauke da wuri. Na kasuwa daga kudu ake kawo shi, kafin ya fid da kai ya ƙone. Dami tara ne a sama a wannan shekara, kuma su ne damanar ƙauyen gaba ɗaya.

Sabon ma'aikacin ya iso ranar kasuwar Tsanyawa, da akwatin littattafai a bayan keke. Irimiya sunansa, haifaffen Sabon Garin Kano, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, hannunsa bai taɓa sanin ƙotar fartanya ba. Da mai girman kai ne da sauƙi, da Sama'ilu ya samu abin ƙi. Ina! Yaron ya tsuguna har ƙasa, Baba sama Baba ƙasa, har ya karɓi buta ya zuba masa ruwan wanke hannu. Wannan ladabin ya fi komai ƙona wa tsohon rai.

Sama'ilu ya miƙa masa makulli. Ya nuna masa ƙarfen da ake bugawa ran Lahadi, ya lissafa masa gidajen da ke da marasa lafiya da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Suna tsaye a tsakiyar majami'a Irimiya ya ce, "Baba, akwai abin da ya rage ban sani ba?"

Dammunan na rataye daidai kansu. Maganar ta zo har bakin Sama'ilu, sai zuciya ta ce masa: bar wannan. In hadari ya haɗo dole su aika a kira ka, ranar ce majalisa za ta san tsoho bai ƙare ba.

Ya ce, "Ai kai mai ilimi ne. Me zan ƙara maka?"

Washegari ya ɗaure tabarmarsa ya koma gidan 'yarsa can wajen Bagwai. Mako bakwai yana zaune a gindin darbejiya, ba mai tambayarsa komai sai ko ya sha kunu. Bazara ta tsananta. Labarin da ke zuwa daga Gidan Kanya ba daɗi: an koma cin tafasa da dusa, an binne yara biyu. Abin na damunsa, amma yakan lallashi kansa da cewa ai iri na nan.

Ana haka aka aiko masa, wai ya zo bikin Ista. Ya yi sammako a kan jaki. Tun daga bakin gari ƙamshin tuwon gero ya tare shi, ga hayaniyar yara irin wadda ya daɗe bai ji ba. Ya yi murna, ya ce lalle taimako ya iso daga birni, yaron nan ashe yana da hanya.

Ya shiga majami'a don ya sha inuwa. Idonsa ba ya kai rufi, saboda haka ya ɗaga sandarsa yadda ya saba, don ya ji ta taɓa dami. Sanda ta daki azara. Ya matsa gaba ya sake ɗagawa, ya sake, har ya kai bango. Igiyoyi kawai ke reto.

Irimiya ya shigo da sauri, fuskarsa cike da fara'a. "Baba, sannu da hanya! Ka ga ikon Allah? Ina addu'a a kan yunwar nan, na ɗaga kai, sai ga hatsi a rataye an manta da shi. Na ce ina amfanin abinci a sama mutane na mutuwa a ƙasa? Yau ba wanda zai kwana da yunwa."

Sama'ilu ya sauke sandarsa. Ya dafa bango ya ce, "Kira mini Larai."

Larai ita ce shugabar zumuntar mata, mijinta ya rasu bara, kuma ita ke taya shi barbaɗa toka kowace kaka. Ta shigo riƙe da akushi, ta durƙusa.

"Larai, ke ma? Ba ki gaya masa ba?"

"Na gaya masa, Malam. Da ya sa tsani na ce, Malam, wannan iri ne."

Irimiya ya ce, "Haka ne, ta faɗa. Na ce mata ko wane iri ne, ai gero gero ne, ciki ba ya zaɓe."

Bai rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa. Ya dubi tsohon, ya dubi igiyoyin, fara'ar ta gushe. A hankali ya ce, "Irin shuka?" Ya zame ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Larai ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, "Na san bai gane ba. Duk matan da suka yi sussuka sun sani. Da na maimaita da ya ji. Amma ranar kwana huɗu da binne 'yata Asiya, ƙannenta biyu na kwance. Na faɗa sau ɗaya don Allah ya shaida, ban iya na biyu ba."

Sama'ilu ya buɗe baki zai yi mata faɗa, sai Irimiya ya ɗago, hawaye na zuba. "Baba, na tambaye ka. A nan muke tsaye na tambaye ka."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da tsohon ya shige. Ita ta faɗa sau ɗaya, yunwa ta rufe mata baki. Shi ko sau ɗayan bai faɗa ba, kuma cikinsa a ƙoshe yake ranar. Kunya da baƙin ciki suka lulluɓe shi, ya rasa ko da aya ɗaya daga cikin waɗanda ya haddace. A waje mutane sun zazzauna layi-layi da ƙwaryoyinsu, ana kira a fito da Baba ya sa wa abinci albarka.

Larai ta tura akushin gabansa, ta buɗe. Tuwon na tururi.

"Ci, Malam," ta ce. "Ko ka bar shi ba zai tsiro ba."