Simintin da Ya Jira Sallau

Sallau magini ya tsuguna ya danna buhun farko da babban yatsa, buhu bai lotsa ba. Ya dunƙule hannu ya doka, sai ya janye yana yarfewa. Mariama tana tsaye bakin ƙofar ɗakin ajiya, riƙe da kwanon furar da ta damo masa, tana jira ya yaba mata irin ƙoƙarin da ta yi.

"Matar Mani, yaushe kinka saye simintin ga?"

"Ɗaiɗai nika saye, tun kahin damana. Mi na na?"

Sallau ya yaye tsofaffin zannuwan da ta lulluɓe buhunan da su, ya bi su yana ƙwanƙwasawa da ƙotar cokalin gini, kowanne yana amsa masa da ƙarar dutse.

Dabarar Mariama dai ba ta wauta ba ce, duk wanda ya zauna Dogon Dutsi ya san haka. Kuɗi in suna ƙulle a bakin zani, har ƙamshinsu dangi ke ji. Wannan an yi mata haihuwa, wancan ɗansa na asibiti, kuma ba ka iya cewa babu. Amma ba a taɓa jin wanda ya zo rancen buhun siminti don ya yi suna ba. Saboda haka duk sa'ad da ta ɗauki adashe, ko ta sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, ko ɗanta Luƙman ya aiko da wani abu daga Abijan, ba ta bari su kwana. Sai ta wuce shagon kayan gini, mai amalanken jaki ya biyo ta da buhu har gida.

Ɗaki take so ta ƙara a gefen nata, ciki da falo, da rufin kwano. Luƙman ya tafi Abijan tun yana saurayi, ya yi aure can, har sun haihu. An sa wa yaron Mani, sunan marigayi mijinta. A waya kaɗai take ganinsa, ya cika gilashin da hanci yana cewa "Kaka", ita kuma tana tsokanarsa da maigidan da ba ya kawo cefane. In an kashe wayar sai ta daɗe zaune tana shafa gilashin da gefen mayafi. Kewarsu ta hana ta jin daɗin tuwo, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Kuma duk lokacin da maganar zuwa gida ta taso, amsar Luƙman ɗaya ce: "Inna, ina za mu sauka? Bari a gama ɗakin."

Ita kuwa ba ta taɓa ce masa ya zo ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba ta faɗa, sai dai "yaron nan", kuma in ya kira, gaisuwa biyu take yi ta ce a ba ta maigidanta. Haka ta ga uwarta ta yi da nata ɗan farin. Abin da bakinta ya kasa furtawa, shi take jibgewa buhu kan buhu a ɗakin ajiya.

Da ɗakin ya tashi tun bara, in ba don wani ɗan ƙwalisa mai baƙin tabarau da igiyar awo ba. Ya zo ya auna, ya zana ƙasa da toka, ya karɓi kuɗin somin aiki, ya haƙa ramin tushe. Daga nan sai labarinsa aka ji wai ya bi motar masu neman zinariya arewa. Ramin yana nan, awaki sun mai da shi wurin hutawa. Tun ranar Mariama ta rantse ba mai ɗora mata bulo sai Sallau, wanda suka gina gidan nan shi da Mani, har yau bango bai tsage ba. To, Sallau irin maginin da ake bin layi ne. Da bazara yana kan wani masallaci a Tibiri, ruwa na sauka ya ajiye cokali ya ɗauki hauya ya nufi gonarsa a Ɗan Kassari. Ya aiko mata cewa ta yi haƙuri sai an yanke hatsi. Ta yi haƙurin. Abin da ba ta gaya wa ɗan aiken ba, don kada zance ya zaga dangi, shi ne siminti na ɗaki yana jira.

Sallau ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya dubi ƙasan ɗakin da damshi ya ɓata, ya dubi azarar da ruwa ya bi.

"Da kin hwaɗa min, da na ce a bugo bulo tun sannan. Siminti ba ya ƙetare damana bisa ƙasa. Ya sha sanyi, ya kama. Duk ya zan dutsi."

"Ko na tsakiya?"

"Na tsakiya ma."

"In anka daka shi hwa? Ina da turmi, Sallau. Ina da ƙarhi."

Ya kau da kai. "Ko kin dake shi gari, ba ya sake kamawa. Sau guda yaka yi."

Ta ajiye kwanon furar a ƙasa a hankali. Ta zauna kan buhu ɗaya. Tauri gare shi kamar dakalin ƙofar gida. Ta tuna tunkiyar da ta sayar, da zanin sallar da ta fasa ɗinkawa, da yadda take leƙowa kowace safiya ta gyara musu lulluɓi. Ashe tun tuni gawa take yi wa hidima.

Sallau ya ce zai buga mata tubalin ƙasa in rani ya yi, ba sai ta biya shi lokaci guda ba, albarkacin Mani. Ta yi godiya. Amma ta san rani ɗaya yana jawo wani, kuma yaron da ke cewa "Kaka" an ce har ya fara zuwa lakkwal, makarantar boko.

Ta kunce wayar daga bakin zani ta danna. Sallau ya ɗauki furarsa ya koma gindin bedi, bishiyar darbejiyar da ke tsakar gida.

"Alo, Inna? Ina kwana? Maso ya zo, maginin?"

"Ya zo."

"To madalla! Yaushe za shi soma? Bari in kira miki maigidanki, ga shi nan yana..."

"Bar shi tukuna. Da kai nika magana." Ta gyara zama. "Babu ɗaki. Siminti ya lalace, duka. Ku zo ku shiga nawa, ni in koma na ajiya."

"Haba Inna, ya za a yi haka? Ki bari in ƙara aiko..."

"Kak ka aiko komi. Luƙman, ka zo gida. Ina son ganinka."

Sunan ya fito mata baƙo a baki, har sai da ta waiga ko wani ya ji. Can ɗaya gefen ƙahon motocin Abijan ya cika wayar. Da muryarsa ta dawo, ta koma ta ƙaramin yaro.

"Inna, mi kinka ce? Sake hwaɗi."

"Ba ni sakewa. Ai ka ji."

Ta ji ya ja hanci, sannan ta ji yana ƙwala wa matarsa kira, yana tambayar wace rana motar Nijar ke tashi. Ta kashe wayar kafin ya ji nata kukan.

Ta goge fuska ta fito tsakar gida. Sallau ya shanye fura, yana haɗa kayansa.

"Dakata, maso. Tunda ka zo ba ka tahiya banza. Hid da min duwatsun ga ka jera su gindin bedi, maigidana ya samu wurin zama. In ka gama, ka kama min gadona mu kai ɗakin ajiya."